Waken Maman Friday

Ranar wata Talata, cikin makon farko na watan Yuni, Nuraddeen ya tsuguna a lambun da ke bayan gidan Maman Friday a Karshi, ya ga ganyen wake ya dunƙule. Ba yaushin ƙishirwa ba ne, don kwana biyu ke nan ana tafka ruwa. Ba kuma cin tsutsa ba ne, don ya juya ganyen gaba da baya bai ga huji ko ɗaya ba. Sabbin ganyayyakin da ke kan tsiron ne suka naɗe ciki, suka yi kauri, suka sirance, karan kuma ya murɗe kamar an matse wanki. Ya matsa kunya ta gaba, haka. Ta gabanta ma haka. Tumatir da kuɓewar da ke jikin katanga duk sun yi irin wannan naɗewar.

Sai ya ɗaga kai ya ga masara. Tana tsaye kore shar, ta kai masa gwiwa, babu abin da ya same ta. Shekara biyar ya yi yana karatun aikin gona a jami'a, kuma abu ɗaya ya sani da ke lalata mai faɗin ganye ya ƙyale dangin ciyawa.

"Oga Digiri," in ji Maman Friday daga bakin ƙofar madafinta, tana goge hannu da zani. "Ka yi shiru kamar fasto ya kira sunanka a coci. Me ka gani?"

"Ba komai, Mama. Dubawa nake yi."

"To duba da kyau. Ni dai ban gane wa waken nan ba."

Ya ce mata wataƙila ruwa ne ya yi yawa. Ya san ba ruwa ba ne tun kafin ya rufe baki.

Sunanta Angelina, amma rabon da a kira ta da shi tun rasuwar mijinta Bernard. Daga wani ƙauye a kan duwatsun Filato ta zo Abuja tana amarya, lokacin da rabin garin daji ne ana ta haƙa. Bernard birkila ne. Ya ɗora bulo a gine-gine da yawa waɗanda bai sake shiga ba bayan an sa musu ƙofa. Ranar da za ta baro gida, kakarta ta ƙulla mata tafi ɗaya na wake a tsumma, wani wake mai hawa, ja da ɗigon fari, faffaɗa kamar farcen babban yatsa. Ba ta san masa wani suna ba ban da waken Kaka.

Ta fara shuka shi a gefen ɗakin langa-langar da leburori ke zama. Da aka rushe wurin suka koma Nyanya, ɗaki ɗaya a gidan haya, tsakar gidan siminti ne kaf. Sai ta cika tsofaffin bokitai da buhunan siminti da ƙasa, waken ya hau igiyar shanya, masu gida suka yi ta mita har suka ɗanɗana faten da ta yi da shi suka bari. Shekara goma sha ɗaya tana haka. Daga baya Bernard ya sami fili a Karshi ya gina ɗaki biyu, ya rasu bai yi musu filasta ba. Ɗansu ɗaya, Friday, yana aikin walda a Fatakwal, sai Kirsimeti yake zuwa. Ƙauyen nasu kuwa ya watse a wani rikici shekarun baya. Rumbuna sun ƙone, waɗanda suka tsira sun bazu. Ba ta son zancen, kuma ba a tambayarta. Abin da mutanen layin suka sani shi ne, a iya saninta, babu inda waken nan ya rage sai a gwangwaninta.

Waken ya yi suna a layin ne saboda lokacin da yake bayarwa. Yana fara kwasfa a Agusta, daidai sa'adda abincin bara ya ƙare, na bana bai iso ba, mudun wake a kasuwar Karshi kuma ya fi ƙarfin mai iyali. Yana ci gaba da bayarwa har Disamba. Ganyensa ma ana miya da shi. Da wuya a sami gida a layin nan, na Musulmi ko na Kirista, da bai taɓa ganin kwanon Maman Friday ya shigo a rufe ba.

Ba ta taɓa sayen takin zamani ba. Rami biyu gare ta a bayan gida. Ɓawon doya, ɓawon ayaba, ɓawon ƙwai, ruɓaɓɓen tumatir, tokar murhu, kashin kajinta, duk ciki suke tafiya. Leda ba ta shiga, ruwan sabulu ba ya shiga, nama ba ya shiga. Takan soka doguwar sanda a tsakiyar ramin, bayan kwana uku ta zaro ta shafa, ta sunsuna. In da ɗumi, taki na dahuwa. In ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina, tana kuma ganin tsutsar tana na yawo a ciki, to ya isa.

Dokokinta biyu ne, kuma kowa ya san su. Sabon taki, kunya ɗaya ake fara ba shi, a jira a gani. Iri kuma kashi uku ake yi: biyu su shiga ƙasa, ɗaya ya zauna a gwangwani cikin toka, ko da me ake ciki.

Nuraddeen ɗan maƙwabciyarta ne, Hajiya Safiyatu. Katanga ɗaya ta raba su. Mahaifinsa ya yi aiki a wata ma'aikatar tarayya har ya yi ritaya, ya gina gidan Karshi, Allah ya yi masa rasuwa. Tun Nuraddeen yana firamare yake tsallaka katangar nan ya taya Maman Friday ban ruwa, kuma a gefen raminta ya fara cewa shi aikin gona zai karanta. Ya karanta, ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ya zauna shekara biyu yana aika takardun neman aiki. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne kwana uku a mako a wani ƙaramin kamfani da ke kula da furanni da ciyawar ado a wani rukunin gidaje cikin gari.

Zaman banza ya ishe shi, kallon tausayin da ake yi masa a layi ya fi zaman ciwo. Cikin watan Janairu ya zana wani tsari a kan kwali ya kai wa Maman Friday. Gida tara ne a layin. Kowa zai daina kai sharar madafi bola, ya kawo ta babban rami guda. In damina ta faɗi, kowane gida zai karɓi taki da irin waken Kaka, ya shuka a bayan ɗakinsa. Maimakon kwano ɗaya ya riƙa zagaya layi, kowa zai sami nasa.

Ta daɗe tana kallon kwalin a juye, ta ce, "Digiri ya fara aiki." Ta yarda.

Matsalar ita ce sharar gida tara ba ta cika ramin da ya haƙa ba. Rani ne, ko'ina ya bushe, taki kuwa yana son ɗanyen abu. A wurin aikinsa kuma kullum ana ba ciyawa ruwa, ana yanke ta da inji, ana cika buhuna ana zubarwa. Ya roƙi Thaddeus, dattijon da ke tura injin, ya riƙa ajiye masa. Duk yammacin da ya taso aiki yakan dawo da buhu biyu, ya sha faɗa da kwandastoci a Nyanya kafin su yarda a ɗora.

Ranar da ya kwance buhun farko, Maman Friday ta tura hannu ta damƙo, ta baza a tafinta, ta yi ta tsintsa.

"Wannan ciyawa ba shi da maƙwabci," ta ce.

"Kamar yaya, Mama?"

"Buhu guda, iri ɗaya. Ba ɗan ganye, ba ƙaya, ba komai. Ni a daji na girma. Ciyawa ba ya zama shi kaɗai. Wa ya kori sauran?"

Ya yi dariya. Ya ce ciyawar masu hali ce, shuka ta ake yi, ba fitowa take da kanta ba. Abin da bai faɗa ba shi ne ya sha ganin Thaddeus da tankin feshi a baya yana bin filin. Ya gani, ya kuma san maganin kashe ciyawa ne. Ya gaya wa kansa zafin rami zai cinye shi. Bai je ya karanta jikin jarkar ba. Aikin minti biyu ne, bai yi ba.

Takin ya dahu sarai. Baƙi, mai laushi, babu wari. Har hoto ya ɗauka.

Ruwa ya zauna a watan Mayu, mutanen layi suka fara zuwa da bokitai. Maman Friday ta ce a ba kunya ɗaya tukuna. Nuraddeen ya ce in an tsaya gwaji za a rasa ruwan farko, kuma ga mutane a tsaye. Aka raba taki. Da aka zo rabon iri, kashi biyun nan bai kai gida tara ba. Gida uku suka rage.

"Mama, a ɗan taɓa na gwangwani."

"A'a."

"Na yi wa mutane alkawari."

"Kai ka yi. Bakina ba ya ciki."

"Ki duba, Mama. Yanzu gwangwani ɗaya ne a duniya. In gobara ta tashi fa? In ɓera ya shiga? Amma in ya yi a gida tara, bana kin tashi da gwangwani tara."

Wannan maganar ce ta karya ta, kuma ya san ita za ta karya ta, shi ya sa ya zaɓe ta. Mace ce da ta san yadda rumbu ke ƙonewa. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon gwangwanin madara, ta buɗe, ta kife shi a faranti. Toka ta tashi. Ta bubbuga gindinsa har ƙwaya ta ƙarshe ta faɗo.

Washegarin ranar da ya ga ganyen ya naɗe, wato Laraba, Nuraddeen ya isa wurin aiki ya wuce kai tsaye ɗakin ajiyar kaya. Jarkar tana nan a bayan injin. Ya goge ƙurar jikinta ya karanta ƙananan rubutun. An rubuta a fili cewa kada a yi taki da ciyawar da aka fesa wa maganin, kada a ba dabba, domin yana daɗewa bai mutu ba ko da ciyawar ta ruɓe.

Thaddeus ya same shi zaune a kan buhu.

"Oga, lafiya?"

"Baba Thaddeus, ka san ba a taki da ciyawar nan?"

"Ni? Ni feshi aka ce in yi, na yi. Kai ne mai karatu. Da ka ce in ajiye maka, na ce to, yaron nan ya san abin da yake yi."

Ya dawo Karshi da niyyar wucewa gidanta kai tsaye. Ya kai ƙofar, ya ji tana waƙar coci a ciki, ya wuce gidansu. Ya ce gobe.

Ranar Alhamis da safe ya leƙa ta kan katanga. Tana sunkuye a tsakanin kunyoyi da kwanon silba, tana ɗibar takin tana zuba wa gindin kowane tsiro, tana dannawa da yatsa.

"Yunwa suke ji," ta ce da ta gan shi. "Na aika wa su Maman Kindness da sauran gidajen layi ma, kowa ya ƙara musu. Ko dai hannuna ne ya tsufa, Oga Digiri? Shekara talatin da wani abu waken nan bai taɓa yi mini haka ba."

Kalma biyu ce kawai, ki bari. Bai faɗe su ba. Ya ce, "Allah ya sa su farfaɗo," ya sauka daga kan bulon da ya taka.

Juma'a ta ƙara musu. Asabar ta ƙara. Shi kuma yana ɗaki yana binciken waya, yana neman wanda zai rubuta cewa tsiro kan warke da kansa. A masallaci ya kasa tuna raka'a ta nawa ake. Abinci ya koma masa kamar dusa. Hajiya Safiyatu ta zuba masa ido kwana uku, ranar Lahadi da safe ta ajiye masa koko ta zauna.

"Wa ka yi wa laifi?"

Ya gaya mata duka. Ba ta katse shi ba.

"Innalillahi. Tun Laraba?" ta ce. "Kana kallon baiwar Allahn nan tana ba su guba da hannunta? Tashi. Kokon zai jira ka. Kuma ba zan raka ka ba, da ƙafarka ka kawo ciyawar."

Ya jira ta dawo daga coci. Tana zaune a kan benci tana cire takalmi, da ɗankwalinta na zumuntar matan coci, ya durƙusa a gabanta ya faɗa. Ya nuna mata hoton jarkar a waya, ko da yake ba ta karatu. Ta karɓi wayar ta duba, ta miƙa masa.

"Yaushe ka sani?"

"Laraba."

Ta lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Alhamis, Juma'a, Asabar.

"Ciyawa, ban riƙe ka ba," ta ce. "Ni ma na ga ba shi da maƙwabci, na bari aka zuba. Gwangwani, ni na buɗe, ba ka murɗe mini hannu ba. Amma ka tsaya a kan katanga, ɗana. Ka ce mini Allah ya sa su farfaɗo."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Haƙuri yana nan, ba zai gudu ba. Akwai abin da za a yi ko babu? Yi mini maganar digiri yanzu."

Ya ce wataƙila in an tone su, an wanke saiwar, an mayar da su ƙasa mai tsabta, wasu su tsira. Ya ce da ranar Laraba aka yi, da sun fi samun dama. Bai ɓoye wannan ba.

Ba ta ko sauya kayan coci ba. Ya ɗauki baro ya yi sawu shida zuwa bakin rafi yana kawo ƙasa, ita tana tone tsiron da cokali tana wanke saiwa a baho kamar mai wankan jariri. Daga nan ya bi gida takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi a bar shi ya tone. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Maman Kindness ta riƙe ƙugu ta ce, "Mu da ba mu je makaranta ba sharar ma ba ta taɓa kashe mana komai ba. Sai da aka kawo mana ta Turawa." Tumatir ɗinta da barkononta duk sun tafi.

Tsiro arba'in da uku suka dasa a buhuna, suka jera su a inuwar mangwaro. Kullum da safe sukan haɗu a wurin, ba sa doguwar magana. Wasu suka bushe a kwana biyu. Wasu suka fitar da sabon ganye, shi ma ya fito a naɗe. Akwai guda huɗu da suka kai kwana goma sha biyu, har Nuraddeen ya fara ƙirga su a cikin addu'a. Ranar ƙarshe ta watan Yuni na ƙarshensu ya kwanta.

Ta zare shi daga buhun, ta karkaɗe ƙasar, ta tsaya riƙe da shi. Ba ta jefa shi a rami ba, don ramin ma yanzu ba a zuba masa komai. Nuraddeen ya riga ya kwashe takin ya kai can bayan gari ya binne. Ƙasar lambun kuwa ya gaya mata sai dai masara da dawa, bana da wataƙila baɗi.

Da yammacin ranar ne ta kira shi ta kan katanga.

"Akwai Patricia," ta ce.

Patricia wata tela ce da ta taɓa haya a ɗaya ɗakin nata. Shekara uku da suka wuce ta yi aure ta koma wajen Akwanga. Ranar tafiyarta Maman Friday ta ƙulla mata tafi ɗaya na waken a leda. Ba ta san ko ta shuka ba. Ba ta san ko ta dafa shi a daren farko ba, don Patricia, in ji ta, ba ta da haƙurin jiran tsiro. Lambar wayarta ta daina shiga tun bara. Sunan mijin Simon, yana gyaran babur, kuma suna zuwa wani coci mai shuɗin rufi kusa da kasuwa. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Nuraddeen ya so ya tafi da kansa a ranar. Ta ce ba wanda zai buɗe wa baƙon saurayi baki a kan matar aure, ya nemi ɗan hanya. Da safe ya tafi tashar Nyanya, ya bi layin motocin Akwanga yana tambaya har aka haɗa shi da wani direba, Ɗangoggo, wanda ya shekara ashirin a hanyar. Ya rubuta masa sunayen a takarda, ya tura masa wani tsohon hoton waken a waya.

Ɗangoggo ya dubi hoton ya dube shi. "Duk wannan zufar a kan wake? Na ɗauka yarinya ce ta gudu."

"Don Allah, Oga. Ko ƙwaya biyar ce."

"To, Allah ya sa ba ta yi alala da shi ba."

Bayan kwana uku Ɗangoggo ya kira. Ya sami cocin. An san Patricia, amma ita da Simon sun tashi daga garin tun bara, sun koma ƙauyen mijin, inda waya ba ta kamawa. Wata mata a cocin 'yar can ce, ta ce za ta je gida ƙarshen mako, za ta tambaya, in akwai za ta karɓo.

Ƙarshen makon ya wuce. Yau Laraba. Nuraddeen ya kira Ɗangoggo sau biyu tun safe, ya ce matar ba ta dawo ba tukuna, ruwa ya ɓata hanyar ƙauyen. Maman Friday ta ce in an samu kafin tsakiyar Yuli za a iya shukawa bana, a buhu, da ƙasar bakin rafi. Ya cika buhu goma ya jera mata a inuwar mangwaro. Tana gaishe shi, tana amsa gaisuwarsa, jiya ma ta aiko wa Hajiya da ganyen zogale. Har yanzu dai ba su san ko Patricia ta shuka waken ba.